Shafi Tara na Yabon Lauya

Litinin, 3 ga Maris

Yau lauyoyi suka rufe bakinsu a shari'ar unguwar bayan tasha. Kunnena ya huta. Mai Shari'a ya sa ranar yanke hukunci, Laraba biyu ga Afrilu.

Gida sittin da huɗu ake magana. Ma'aikatar Filaye ta soke takardunsu rana ɗaya, ta ce babbar kasuwa za a gina, ta shafa wa bangaye jan fenti, ta kawo katafila biyu ta girke a bakin unguwar. Ba don umarnin da Mai Shari'a ya bayar tun bara ba, cewa kada a taɓa ko bulo ɗaya sai ya gama sauraro, da tuni wajen ya zama fili. Katafilolin suna nan har yau. An ce matan unguwar shanya suke yi a kansu.

Lauyan gwamnati, wanda muke kira A-Ɗage saboda sau goma sha ɗaya ya nemi a ɗage zama, ya yi awa biyu yana zuba, yana share gumi da hannun rigar aiki. Da aka tashi, dattijon nan mai gyaran agogo, na farko a jerin masu ƙara, ya tare ni a baranda da ledar takardunsa a hammata. "'Yata, ya kika gani?" Na ce Baba, ni bugawa kawai nake yi. Ya yi murmushi irin na wanda bai yarda ba, kuma yana da gaskiya.

Laraba, 5 ga Maris

Shekara goma sha bakwai ina buga hukuncin mutumin nan, kuma duk kotun babu mai iya karanta hannunsa sai ni. Rubutu kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito tana neman hanya. Lokacin da na haihu aka ba shi wata mai bugu, kwana uku ta yi ta fita da kuka.

Yadda muke yi: ya rubuta da shuɗin biro a doguwar takarda, ya miƙo min shafi biyar ko shida, in buga, in mayar masa har da na hannun, ya kulle a durowa. Amma shafin ƙarshe, inda ake cewa wane ya ci wane ya faɗi, ba ya ba ni. Sai ranar hukunci da safe yake rubuta shi, ya karanta daga hannunsa a zaure, sannan in buga. Da farko abin ya ci min rai. Shekara nawa, har yanzu ba a yarda da ni ba?

Yanzu ko a jikina. Ya riƙe shafinsa. Ni tun a shafi na goma nake sanin inda aka dosa, domin na san halinsa. Duk lauyan da ya fara yabo, yana cewa ya yi bincike, ya kawo hujja mai ƙarfi, to wannan lauyan ya fara haɗa jakarsa. Bai taɓa kayar da mutum ba sai ya gama jera duk abin kirkin da ya faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Shafi shida. Tarihin ƙarar ne kawai, babu abin gani.

Talata, 11 ga Maris

Yau na sha kallo, har yanzu dariya nake yi ni kaɗai.

Wani ya zo daga ofishin Kwamishina, kwat baƙa, turare tun daga matakala. Ya ce saƙo ne na baki, da Mai Shari'a kaɗai zai gana. Na shiga na faɗa. Mai Shari'a ya ce a shigo da shi, a bar ƙofa a buɗe, sannan ya ce, "Malama, ɗauko littafinki ki zauna. Duk abin da baƙonmu ya ce ki rubuta, a sa a fayil, a aika wa ɓangarorin biyu."

Na zauna, na buɗe littafi, na ɗaga biro ina kallon bakin mutumin. Wallahi sai da ya gyara wuyan riga sau uku. Daga ƙarshe abin da na rubuta: ya gaida Mai Shari'a, ya tambayi iyali, ya ce zafi ya yi yawa bana. Ya tashi ya fita, ko shayin bai taɓa ba. Baba Masinja ya shanye.

Irin wannan ranar nake jin kaina ya kai rufi. Albashinmu ba wani abu ba ne, fankar ofishina tana kuka kamar za ta faɗo, amma a wannan ɗakin mai kwat da mai leda kujera ɗaya ake ba su. Ni ce nake zaune a ƙofar ɗakin, kuma ina alfahari, ba na ɓoyewa.

Alhamis, 13 ga Maris

Shafi tara. Shafi tara cif yana yabon A-Ɗage! Har da cewa ya nuna ƙwarewa wajen tattaro hujjoji. Ina bugawa ina cije leɓe. Allah sarki, Baba mai agogo, da ka san abin da na sani da ka yi barci har da minshari.

Asabar, 15 ga Maris

Baban yara ya sauke fankar falo yana gyara, sukurori a warwatse a kan tabarma. Shekararsa ashirin da biyu a ofishin taswira na Ma'aikatar Filaye, kuma tun da aka fara shari'ar nan muka yi yarjejeniya: ba ya kawo ofishinsa gida, ba na kawo nawa. Mun riƙe kuwa, sama da shekara.

Yau tsokana ta motsa masa. Wai a ofishinsu kowa ya san gwamnati ce za ta ci, gwamnati ba ta faɗuwa a kan ƙasarta.  Ya ce ai ba laifina ba ne, ni da kwamfutar duk ɗaya, ana danna mu muna fitar da baƙi, me muka sani? Ya yi ta dariya yana neman sukurin da yake zaune a kai.

Na ce, ni? Ni ce ban sani ba? To shafi tara aka kwashe ana yabon lauyanku, kuma duk wanda mutumin nan ya fara yabo, sai dai a ce masa sannu.

Ya tsaya da dariya. Na ji daɗin yadda ya tsaya, wannan ita ce gaskiya. Na ce masa maganar ta mutu a nan. Ya ce haba, da wa zan yi?

Fankar dai ta tashi.

Talata, 18 ga Maris

Baban yara ya dawo da fara'a, har da lemo ya saya wa yara. Darakta ya kira shi ofis da kansa, ya sa an kawo masa shayi, ya ce fayil ɗin ƙarin girmansa da ya kwana shekara uku a durowa ya motsa. Na yi murna. Mutumin nan ya cancanta, idonsa ya kusa mutuwa a kan taswira.

A kotu kuma an janye ɗan sandan da ke rakiyar Mai Shari'a. Wai ana buƙatarsa wani wajen.

Laraba, 19 ga Maris

Ba wuta tun safe, kuma man janareto bai zo ba. An ce takardar tana kan teburin wani. Mai Shari'a ya buɗe taga ya ci gaba da rubutu.

Alhamis, 20 ga Maris

Wasiƙa ta zo ƙarfe goma sha ɗaya. Ni na sa hannu na karɓa, ni na kai masa. An mayar da shi wata kotu can nesa, tafiyar yini guda, daga Litinin talatin da ɗaya ga wata. Kwana biyu kafin ranar hukunci. Duk shari'ar da bai yanke ba ya miƙa, a fara ta daga farko gaban wanda zai gaje shi.

Na tambayi Rajistara abin da hakan ke nufi ga unguwar. Ya ce umarnin hana rusau na Mai Shari'a ne, har zuwa ranar da zai yanke hukunci. In bai yanke ba, lauyoyin ma'aikata za su ce umarnin ya tafi da mai shi, kafin a gama gardama katafila ta gama aiki.

Mai Shari'a ya karanta, ya ninke, ya sa a ƙarƙashin abin danne takarda. Ya ce, "Malama, ina muka tsaya? Shafi na arba'in?"

Ina cikin motar haya, mun kusa gida, sai shayin Darakta ya faɗo min a rai.  Na sauka kafin tasharmu na ƙarasa da ƙafa.

Ban jira Baban yara ya cire takalmi ba. Da farko ya ce bai faɗa ba. Sannan ya ce bai faɗa duka ba. Sannan ya zauna a bakin gado ya ce Darakta ne ya tsare shi gaban mutane ranar Litinin, "Kai, matarka ba a can take ba? Shekara ashirin kana cin albashinmu, ba ka da amfanin ko kalma ɗaya?" Ya ce bakinsa ne ya suɓuce. Na ce masa abubuwan da ba zan rubuta a nan ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, "Ni daga bakin wa na ji?"



Juma'a, 21 ga Maris

Sau uku na kai hannu ƙofar Mai Shari'a. Sau uku na dawo na zauna.

Lahadi, 23 ga Maris

Na yi wanki, na yi guga, na goge tagogin da ba su yi datti ba. Baban yara ya ce in yi shiru, babu wanda ya sani, kuma faɗar ba za ta dawo da wasiƙar ba. Ya ce in tuna shekara shida suka rage min in yi ritaya da mutuncina.

Mai kwat ya zo da turarensa da ofishin Kwamishina a bayansa, bai samu ko kalma ba. Ni da nake masa dariya na ba su kyauta, a falona, don kawai kada mijina ya ce ban san komai ba. Gida sittin da huɗu. Ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ina jin tsoro.

Gobe.

Litinin, 24 ga Maris

Na faɗa. A tsaye, hannuna a baya kamar 'yar makaranta. Ban rage komai ba, har maganar yabon lauya.

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, ya ce, "Ashe haka nake yi?" Na ce haka kake yi, ranka ya daɗe. Ya ce shekara talatin bai sani ba.

Sannan ya ce in ɗauko littafi. Ya yi min shifta: takardar neman bahasi, zuwa ga ni kaina, in bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin da zai hana a hukunta ni kan fitar da sirrin kotu. Kwafi ga Rajistara. Ni na rubuta, ni na buga da ɗan cajin da ya rage a kwamfuta, ni na kai masa ya sa hannu, ni na sa hannu cewa na karɓa. Har na gyara masa wani waƙafi a ciki, hali ba ya barin mutum.

Na ce in ya so a kawo wata ta ƙarasa bugun. Ya ce, "Babu mai iya karanta hannuna sai ke. Kada ki ɗauka yabo ne, matsala ce."

Tun Juma'a ashe ya shirya sanarwar kiran lauyoyin biyu gobe. Baba Masinja ya kai wa kowa tasa, ya dawo da sa hannu.

Talata, 25 ga Maris

Ban yi zaton zai faɗa a zaure ba. Ya faɗa.

Ya ce an sanar da shi cewa wani ma'aikacinsa ya yi hasashen inda hukunci zai karkata, kuma hasashen ya isa ga ɗaya daga ɓangarorin. Ya ce bai rubuta ƙarshen hukunci ba tukuna, amma haƙƙin kowa ne ya sani, kuma duk wanda yake ganin bai kamata ya ci gaba ba ya tashi ya faɗa. Bai kira sunana ba. Bai buƙata ba, idon zauren duka ya dawo kaina. Na kalli littafina har baƙin ya fara rawa.

Lauyan unguwa ya ce ba su da ja. A-Ɗage ya tashi a hankali. In ya yi ja, ya yarda kenan cewa sun ji, kuma kowa zai haɗa da wasiƙar Alhamis. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san da wannan magana ba."

"To kana da ja?"

"Babu."

Sai Mai Shari'a ya ce tunda zai bar kujerar ranar Litinin, kuma doka ta ba shi damar matso da rana in an sanar da kowa, hukunci ya dawo Juma'ar nan, ƙarfe tara. A-Ɗage ya ce kwana uku sun yi kaɗan, yana roƙon a ɗage. Mai Shari'a ya ce, "Me za ka shirya? Sauraro kawai za ka yi." Zauren ya fashe da dariya, har ni da nake cikin wannan hali sai da na rufe baki.

Na miƙa bahasina da yamma. Layi huɗu. Na yi, babu wanda ya tilasta ni, ba ni da uzuri.

Laraba, 26 ga Maris

Har yau ba wuta, ba mai. Kwamfuta ta mutu. Shafi talatin da ɗaya suka rage, kuma ba za a fita da ko ɗaya waje a buga ba. Baba Masinja ya shiga sito ya fito da tsohuwar tafiretar da na fara aiki da ita, ƙura har cikin haƙoranta. Na wanke ta da kananzir da tsohon buroshi. Ta tashi! Harafi ɗaya ne yake maƙalewa, sai na ɗago shi da farce.

Shafi goma sha huɗu. Yatsuna sun kumbura. Ban karanta don in gane komai ba, baƙi kawai nake bi.

Alhamis, 27 ga Maris

Sha bakwai. An gama ƙarfe biyar da kwata. Ya duba, kuskure biyu kacal ya samu.

Asabar, 29 ga Maris

Jiya ban iya rubutu ba, sai yau.

Zauren ya cika tun takwas, mutane har kan tagogi. Mai Shari'a ya shigo ba ɗan sanda, Baba Masinja ne ya buga ƙofa ya yi kiran a tashi, da muryarsa da ta fi ta kowane ɗan sanda. Awa biyu da rabi yana karatu, babu fanka, babu wanda ya fita.

Akwai wajen da na buga da hannuna ban ji shi ba sai da ya karanta. Ya ce jama'a ne suka zaɓi gwamnati, kuma kotu ba ta zo ta ƙwace mata aiki ba. In tana son kasuwa ta gina kasuwa. Amma jama'ar da suka zaɓe ta su ne suka kafa dokar da ta ce kafin a karɓi gidan mutum sai an sanar da shi, an saurare shi, an biya shi. Ya ce ranar da aka bar mai mulki ya zaɓi dokar da zai bi da wadda zai tsallake, to ƙuri'ar da aka jefa masa ta zama takardar banza. 

Sannan ya ɗauko shafinsa na hannu. Soke takardun da aka yi haramtacce ne, an rushe shi. Ba za a taɓa gidajen ba. Amma gida shida da aka gina a kan magudanar ruwa ba su da takarda, kotu ba za ta kare su ba. Kuma maƙudan diyyar ɓata suna da lauyan unguwa ya nema, ya ce babu hujja, ya yi watsi da ita. Wannan ban hango ba. Ni da nake cewa tun shafi na goma nake sani.

Wata mata daga cikin masu gida shidan ta fita tana kuka, sauran suna rungumar juna. Baba mai agogo bai yi ihu ba, zama ya yi ya ɗora ledarsa a cinya yana shafa ta.

Da yamma Mai Shari'a ya haɗa littattafansa a kwali huɗu. Kafin ya fita ya miƙa min takarda: gargaɗi a fayil ɗina, kuma daga Talata na bar ofishin alƙali, na koma teburin karɓar takardu a ƙasa. Na ce na gode, ranka ya daɗe, kuma da gaske nake. Da ya yafe min saboda shekara goma sha bakwai, da ba shi ne mutumin da nake taƙama da shi ba. Ya ce, "Ki kula da yatsun nan." Shi ke nan sallamar. Na tsaya a taga har motar ta fita.

Laraba, 2 ga Afrilu

Darakta ya huce a kan Baban yara. Wai shi ya jawo musu abin kunya a bainar jama'a. An mai da shi ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, fayil ɗin ƙarin girma ya koma inda ya fito. Ba ma yawan magana. Ina zuba masa abinci, yana ci, yana cewa an gode.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Sabuwar da ta gaje shi ta iso. Yarinya ce, in ta yi yawa arba'in. Takalmi mai tsini, ƙwas ƙwas ƙwas tun daga ƙofar shiga, da 'yar kwamfutarta a jaka. Da kanta take buga komai, ba ta buƙatar kowa. Kafin a naɗa ta lauyar gwamnati ce, ofis ɗaya da A-Ɗage shekara takwas. To me ya rage a faɗa? Ranar da ta zo aka kawo man janareto, har da sabon ɗan sanda.

A gabanta ina cewa ranki ya daɗe, dole ce. Amma bakina ya ƙi ce mata Mai Shari'a. Ni guda ɗaya na sani, kuma yana can tafiyar yini guda.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ta teburina takardar ta biyo, ni na buga mata hatimi. Ma'aikata ta ɗaukaka ƙara, kuma tana roƙon a dakatar da hukuncin, a bar ta ta ci gaba da aiki a unguwar kafin babbar kotu ta zauna. A gaban yarinyar za a ji roƙon. Wato abin da aka hana su ta ƙofa za su karɓa ta taga.

An ce an wanke katafilolin, an zuba musu mai.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Baban yara ya yi magana yau, ba tare da na tambaya ba. A ɗakin da aka jefa shi ya ci karo da taswirar unguwar ta asali, wadda shi da kansa ya taya zanawa a shekararsa ta biyu a aiki. Ya ce gida hamsin da takwas ɗin nan duk suna ciki, kowanne da lambarsa. "Na san da ita tun farko," in ji shi. "Na yi ta fatan 'yan unguwar su faɗi ne don in huta da maganar." Na ce ai ni ma ba don unguwar na buɗe baki ba. 

Talata, 15 ga Afrilu

An saurari roƙon. Na bar tebur na leƙa. A-Ɗage yau ba ya neman a ɗage komai, sauri yake yi, har da murmushi. Ya ce, "Kamar yadda ranki ya daɗe ta sani tun muna ofis ɗaya..." Ta katse shi ba ta ko ɗago ba. "A can ina da wanda nake karewa. A nan ba ni da kowa. Ci gaba."

Magana ce kawai, kowa ya iya magana. Na zuba wa fuskarta ido minti arba'in ban karanto komai ba. Alhamis za ta yanke.

Baban yara ya tambaye ni ya nake gani, sai kuma ya kama bakinsa. Na ce masa kada ya damu, ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Minti goma sha biyu. Ba ta yabi kowa ba. Ta ce in ma'aikata ta ci a babbar kotu, gidajen suna nan, ba za su gudu ba. In kuma ta faɗi bayan an rushe, wa zai tayar da su? Ta ƙi roƙon. Ta ƙara da cewa a kwashe katafilolin daga bakin unguwar cikin kwana uku, kuma Darakta da kansa zai zo ya tsaya gabanta in ba a yi ba.

Ina tsaye a can baya, jikin bango. Ban san lokacin da na riƙe hannun Baba Masinja ba, sai da ya ce Malama za ki karya ni.

Ba wai na canza ra'ayi ba ne. Karatunta ya yi sauri, ba ta tsayawa a waƙafi, kuma takalmin nan har yanzu ciwon kai yake sa ni. Da na hau kai mata takardun sa hannu na ga kuskuren bugu uku a shafin farko na hukuncinta. Na nuna mata, don ba zan iya gani in yi shiru ba. Ta gyara, ta ce, "Na gode, Malama. Na karanta fayil ɗinki." Na jira sauran maganar. Babu. Ta ce an janye mata ɗan sanda da rana, ko na san inda ake ajiye makullin taga, don ta ji an ce man janareto ma ba zai daɗe ba.

Na nuna mata. Tagar hagu sai an ɗaga ta kaɗan kafin a tura.

Gobe akwai aiki da yawa. Mai Shari'a ta ce a kai mata fayilolin mako mai zuwa ƙarfe takwas da rabi. Zan bar gida ƙarfe bakwai.